Makin da Na Ba 'Yan Majalisa

Shekarun baya, wata Talata da ƙarfe goma da kwata na safe, malaminmu na ilimin siyasa a kwalejin horar da malamai ya ɗaga takardata sama a gaban aji. Ni kuwa har na fara gyara mayafi, na zaci yabo ne ke tafe.

Aikin da ya ba mu shi ne mu auna jam'iyyar da ta samu rinjaye a majalisar jiha bayan watanninta na farko: noma, lafiya, ilimi da hanyoyi. Ya ce ban da kwafe daga jarida, kowa ya koma garinsu ya tambayi mutane. Wanda ya faɗi wannan kwas ba zai fita koyon koyarwa da 'yan ajinmu ba, sai baɗi. Ni kuma shekara biyu ina mafarkin ranar da zan riƙe alli a firamaren da na yi.

Na ɗauki abin da gaske. Na ja layuka da rula, fanni huɗu, kowanne da gidansa. Na bi ƙauyenmu na arewa da Bici gida-gida, ina sallama da muryar da da kyar ake jin ta.

"Baba, yaya noma tun da sababbin 'yan majalisa suka hau?"

"Alhamdulillahi."

"Inna, asibiti fa?"

"Sai godiya, 'yar nan."

Duk wanda ya faɗi haka sai in rubuta "ya gamsu". Na tattara, na ba su tara cikin goma a kowane fanni, har na ja layi biyu a ƙasa da jan biro.

A shekarar nan fa rumbunanmu sun ƙare tun gero bai fid da kai ba. A gidanmu ma tuwo sau ɗaya ake yi, da rana sai kwaɗon tafasa. Na san da haka. Kawai dai ban bar masa gida a jadawalina ba.

Malam ya dube ni ta saman tabarau. "Malama, wane gari ne wannan? Faɗa mini in kwashe iyalina mu koma." Aji ya yi dariya, ni kuma na ƙura wa yatsun ƙafata ido. Ya ba ni mako ɗaya in gyara.

Na koma gida na yi kwana biyu ina kallon takardar, ban san inda lissafina ya karkace ba. A rana ta uku mahaifina ya leƙo ya ce, "Ajiye biron nan, ɗauko takalminki."

An yi ruwa da asuba. Har yau idan na rufe ido ina ganin safiyar nan: ƙasa tana tururi, gonaki sun haɗe da juna ba iyaka, balbelu na tashi a hankali kamar ba su da inda za su. Ina bin bayansa kamar mai tafiya cikin barci. Ya tsaya, ya ɗaga ganyen gero da ya yi rawaya.

"Taki yake nema. An ce a rediyo 'yan majalisa sun amince a kawo. To shi gero ba ya jin rediyo."

Muka bi ta asibitin sha-ka-tafi. An yi masa sabon fenti, amma kantar magani wayam, ma'aikaciyar na rubuta wa wata mai goyo takardar da za ta kai kemis. A firamare ajujuwa biyu sun samu sabon kwano, yara na bita babu mai matsawa don ɗigar ruwa. Mahaifina ya ɗaga kai ya dubi kwanon, sannan ya ce, "Wannan kam sun yi." A bakin hanya kwalbati ya tsaya rabi, ruwa ya ci gefensa, motocin kasuwar hatsi ta Dawanau sun daina shigowa.

Ban tambayi kowa komai ba. Na rubuta abin da na gani, ilimi ya samu makinsa, sauran suka samu nasu. Da Malam ya karanta sai ya ce, "Yanzu kin je garinku." Na fita koyon koyarwa da 'yan ajinmu, a ɗaya daga ajujuwan nan masu sabon kwano.

Har yanzu ina son layi madaidaici da jan biro. Sai dai idan mutumin garinmu ya ce mini lafiya lau, nakan ɗan zauna in dubi murhun gidan.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai a wancan makon, kunya ta hana ni furta shi sai ranar da zan koma makaranta. Na samu kakata tana tsince wake a faifai, na tsuguna na ce, "Inna, kowa na cikin wahala, me ya sa duk kuka ce mini alhamdulillahi?"

Ba ta ko ɗago kai ba.

"Godiyar ta Allah ce, 'yar boko. Ke ce kika ɗauke ta kika kai wa 'yan majalisa."