Ladanin Tungar Aduwa a Cikin Hadari

A Tungar Aduwa, wani ɗan ƙauye da ke bayan Tozai a ƙasar Isa, ba a san Muntaka da wata sana'a ba bayan noman gero da kiran salla. Noman kuwa gara kada a tona, don gonarsa ce ta ƙarshen nomewa kowace shekara, har maƙwabta kan ce ciyawa ta fi gero sanin sunansa. Amma murya, wannan Allah ya ba shi. Ya gaji ladanci a wurin kawunsa yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya riƙe shi fiye da shekara arba'in a kan kututture guda da ke gefen masallaci, har tafin ƙafarsa ya yi wa itacen gurbi.

Aikin ladan a tungar bai tsaya ga salloli biyar ba. Al'adarsu ce tun kaka da kakanni, in hadari ya taso da iskar da ke yaye jinka tana kifar da rumbu, ladan ya fito ya hau kututture ya yi kiran salla, ko da ba lokacinta ba ne. Mata na kwashe shanya, yara na kora awaki, kowa bakinsa na amsawa. Muntaka ya sha tsayawa a cikin irin wannan iska, rigarsa na kaɗawa, ƙasa na shiga masa baki, bai taɓa sauka ba sai ya kai ƙarshe. Kawunsa ya gargaɗe shi tun ranar farko cewa ladan ba ya kira a zaune, kuma ba ya fara kira ya bar shi a rataye.

Gidansa na jikin masallaci, zana ɗaya ce tsakani. Matarsa Zulaihatu mace ce mai kaifin baki, ba ta taɓa yaba masa noma ba ko da wasa, amma ba ta taɓa barin kiransa ya wuce ba ta amsa ba. Ko daka take yi sai ta tsayar da taɓarya. Shi kuwa yana da wata 'yar dabara da ya ɗauka ba wanda ya sani. In ya kai "Hayya alas-salah", sai ya ɗan ɗaga yatsan hagu daga kunne don ya ji ta ce "La haula wa la ƙuwwata illa billah". Ta sani sarai. Wata rana tana miƙa masa fura ta ce, "Malam, halan kiran ga ni kaɗai kaka yi wa? Kullum kunnenka na wajen zanata."

Daga baya ƙasar ta rikice. 'Yan bindiga suka addabi karkara, noma ya zama kasada, mutane suka fara zarewa gida-gida. Wasu suka koma Isa, wasu Sabon Birni, wasu suka ƙetara Nijar wurin dangi. Ana cikin haka zazzaɓi ya ɗauke Zulaihatu a kwana huɗu. Liman ya yi mata salla, bayan sati biyu shi ma ya ɗaure kayansa. Ya ce wa Muntaka ya biyo shi, Muntaka ya ce in kowa ya tafi, wa zai kira wa waɗanda za su dawo?

Ba wanda ya dawo. 'Yan tsirarun da ke zuwa gona da hantsi sukan juya tun kafin azahar. Ya ci gaba da hawa kututture sau biyar a yini, ya sauko ya tayar da iƙama, ya yi wa kansa limanci. Abin da ya fi ci masa rai shi ne bangon makarantar firamare da aka bari, can ƙetaren fili. Da can hayaniyar gari na rufe shi, yanzu kuwa in ya ce "Allahu Akbar" sai bangon ya maido masa, har zuciyarsa ta buga ya ɗauka mutum ne. Sai ya kai "Hayya alas-salah" asiri ya tonu. Mutum zai ce "La haula", bango kuwa abin da aka ce masa kawai yake maimaitawa. Shekara uku Muntaka na ɗaga yatsan hagu a wannan gaɓar, shekara uku yana mayar da shi. Bai roƙi Allah dukiya ba, bai roƙi tsawon rai ba. Abin da yake so kawai ya sake jin bakin ɗan Adam ya amsa masa kafin ya mutu.

Yanar ido ce ta fitar da shi daga tungar. Ɗansa Abdulgani, mai sayar da yadi a Abuja, ya zo da kansa ya tasa shi a gaba har Abuja kamar yadda ake tasa tsohon rago. Aka yi aikin ido, ya warke, ya zauna wata huɗu a ɗakin da aka ware masa mai fanka da labule. A nan ya san wani kaɗaicin na daban. Masallatai ko'ina, lasifika na kira ta kowace kusurwa, motoci na wucewa ba wanda ya tsayar da hirarsa. Sau ɗaya ya roƙi a bar shi ya kira azahar a masallacin unguwa. Aka ce masa da ladabi akwai jadawali, a bari a duba. Har ya bar garin ana dubawa.

Da ya ga gajimare ya fara haɗuwa, sai ya naɗe tabarmar sallarsa.

"Za ni gida," ya ce wa ɗansa. "Damina ta kama, masallaci na can ba kowa."

"Baba, wa kaka kira ma a can? Dut sun watse."

"Allah na ji."

"Allah na ji nan ma."

Muntaka ya ci gaba da haɗa kayansa. Yaron ya faɗi gaskiya, amma gaskiyar ba ta taɓa inda ke masa ciwo ba. Abdulgani ya gaji da magiya ya haƙura, amma ya ce ba zai yarda tsoho mai sabon aikin ido ya yini a mota yana shan gargada ba. Jirgin sama zai hau zuwa Sakkwato, daga can wani abokinsa direba ya kai shi Isa.

Haka Ladan Muntaka, wanda bai taɓa hawa abin da ya fi rumbu tsayi ba, ya tsinci kansa a kujerar bakin hanya cikin jirgi, da rana tsaka. Ma'aikaciyar jirgin, wata yarinya mai fara'a, ta ɗaura masa bel a ƙugu ta nuna masa yadda ake kwancewa, wanda daga baya ta yi da-na-sanin nunawa. A gefensa wani mutum ne mai kwat da ƙaramin gicciye a wuya. Muntaka ya gaishe shi, ya tambayi gida da iyali da gajiya. Mutumin ya yi murmushi ya gyaɗa kai, ya toshe kunnuwansa da waya. Mutum fiye da ɗari a ɗaki guda, kafaɗa na gugar kafaɗa, amma ba mai cewa wani sannu. Tsoho ya riƙe carbinsa, ya ce a ransa ashe akwai inda ya fi Tungar Aduwa zama kango.

Sun yi nisa, har an ce an kusa sauka, sai hasken taga ya dushe. Muntaka ya leƙa ta kan kafaɗar maƙwabcinsa. Ya san hadari kamar yadda ya san tafin hannunsa, amma duk rayuwarsa daga ƙasa yake kallonsa. Yau ga shi a tsaye gaba da gaba, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, walƙiya na wasa a cikinsa, kuma jirgin ba shi da niyyar ratsewa.

Girgizar farko kamar amalanke ne ya taka kunya. Ta biyu ta zubar da kofuna. A ta uku jirgin ya saki jiki ya faɗa ƙasa kamar gugan da igiya ta tsinke masa. Wata mata ta ƙwalla ƙara, jariri ya ɗauka, ƙofar wurin kaya ta buɗe jaka ta faɗo. Matuƙi ya yi magana da Turanci ta lasifika, muryarsa a kwance, amma Muntaka bai tsinci ko kalma ɗaya ba. Ruwa na dukan taga, fitilu na ɗaukewa suna dawowa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, ko ranar da ya kwanta a cikin dawa yana jin baburan 'yan bindiga na wucewa. Ya ga zai mutu a tsakanin sama da ƙasa, cikin mutanen da ko sunansa ba su sani ba, nesa da kabarin Zulaihatu.

Sai ya duba gaba, ya duba baya. Iska ta taso, jama'a na cikin firgici, kuma ba wanda ya tashi. Ya jira ko akwai ladanin jirgi, don a ganinsa ba yadda za a tara mutane haka a kai su cikin hadari ba a tanadi mai kira ba. Shiru. To, in babu, ai ga shi.

Ya kwance bel ɗin ya miƙe. Alƙibla ta ɓace masa, sai ya fuskanci inda jirgin ya dosa. Ma'aikaciyar da ke ɗaure a kujerarta can gaba ta ɗaga murya, "Baba, zauna! Don Allah zauna!" Bai ji ba, yatsunsa sun riga sun shiga kunne. Ya buɗe ƙafafu kamar yadda yake yi a kan kututture, ya saki muryar nan da ke kaiwa gonakin bayan Tozai.

"Allahu Akbar, Allahu Akbar!"

Jirgin ya karkata, ya yi taga-taga zai faɗi, sai ya ji an damƙe masa gefen riga. Mai kwat ne, ya riƙe shi da hannu biyu, idanunsa a rufe, yana tasa addu'ar. Muntaka ya wuce shahada, muryarsa na rawa tana daidaita. Da ya kai "Hayya alas-salah", yatsan hagu ya ɗaga da kansa, don ya saba.

"La haula wa la ƙuwwata illa billah."

Muryar wata tsohuwa ce daga baya, siririya, tana karkarwa. Ya maimaita kiran, sai amsar ta taso daga ko'ina, maza da mata, masu kuka da masu haƙuri, gaba da baya. Ba bango ba ne. Hawaye suka zubo daga idanun da aka yi wa aiki, ya ja "Hayya alal-falah" kamar ba zai ƙare ba, aka sake amsa masa.

A nan jirgin ya sake faɗawa rami. Rigar ta kubce daga hannun mai kwat, tsoho ya tashi sama kansa ya daki rufi, ya dawo ya faɗi a kan kafaɗarsa ta hagu. Ya ji ƙashi ya ce ƙas. Saura kalma biyu, kuma ladan ba ya barin kira a rataye. A kwance a tsakiyar hanya, kuncinsa a kan dardumar jirgi, ya ƙarasa, jama'a suka ce "La ilaha illallah" tare da shi.

Bayan ɗan lokaci girgizar ta lafa, suka sauka lafiya. Matuƙi ya ce ya samu gefen hadarin ne ya zagaye. Muntaka na da nasa ra'ayin, ni kuwa ba ni shiga tsakaninsu. A filin jirgi ma'aikaciyar ta yi masa faɗa sosai tana share hawaye, tsohuwar nan ta tsaya ta ce masa Allah shi biya, mai kwat ya ɗauko masa hularsa da carbinsa. Kafin motar asibiti ta tashi kowa ya ja jakarsa ya kama gabansa. Bai san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ya yi sati uku a Sakkwato ana jinyar kafaɗa. Abdulgani ya iso a fusace.

"Baba, wa ka tashi tsaye cikin jirgi? Da ka mutu fa?"

"Sun amsa, Abdulgani."

"Mi?"

"Na kira, sun amsa. Dut jirgin."

Ɗan ya dubi fuskar uban, ya sunkuya ya gyara masa matashi.

Kafaɗar ta ɗoru, amma ba daidai ba. Hannun hagu ba ya ƙara ɗaguwa sama da ƙirji. Duk da haka ya koma Tungar Aduwa, ya share masallaci, ya cire ciyawar da ta kewaye kututture. Gero ya riga ya wuce shi a wannan shekarar, abin da ba wanda zai yi mamakinsa. Masu zuwa gona da hantsi kan tsokane shi, "Ladan, ka koma hawan jirgi?" Yakan ce, "In dai za a amsa, gobe ma sai in hau."

Har yau yana nan yana kira, yatsa ɗaya a kunnen dama, hannun hagu a sake a gefensa. Ba ya bukatar tsohuwar dabararsa kuma. In ya kai "Hayya alas-salah" yakan dakata fiye da yadda ya kamata, bangon makaranta ya maido masa da abin da ya faɗa, ya ƙara jira kaɗan. Kunnen da ke wajen zanar Zulaihatu a buɗe yake tun daga farkon kira har ƙarshe.