Kumburin da Aka Yi Mini Barka da Shi

Duk abin da zan manta a zamana na Abuja, ban da shekarar da jikina ya kumbura mutane suna yi mini barka. A lokacin ina sayar da yadi a kasuwar Gudu, kuma ni siriri ne tun asali. Sai na fara tashi da idanu a kumbure, da yamma kuma ƙafa ta ƙi shiga takalmi. Abokan kasuwa suna cewa, "Oga, Abuja ta karɓe ka." Har na soma yarda, sai dai fitsarina yana kumfa kamar an zuba sabulu.

Wata 'yar Filato mai sayar da abinci kusa da shagona ce ta danna ƙwaurina da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Ta ce wannan ruwa ne, haka ya yi wa ƙanenta, in tafi asibiti.

Bayan gwaje-gwaje, likita ya ce a cikin ƙoda akwai 'yan ƙananan rariya masu tace jini, nawa sun lalace, abin da ke gina jiki yana zurarewa cikin fitsari. Ya ce in rage gishiri, in rage ruwa. A nan kaina ya ɗaure. Tun ina yaro nake jin mai ciwon ƙoda ruwa yake sha da yawa. Kuma idan rariya ta huje, me ya sa ruwa ke taruwa a jikina? Na gyaɗa kai kawai.

Da aka ce za a ɗebi ɗan tsokar ƙodar da allura a duba, mahaifiyata ta kira daga gida tana kuka, wai cire ta za su yi. Matata kuma ta ce in yarda. Na yi kwanaki ina juya maganar kafin na amince.

Aka ɗora ni a kan magani, ƙafa ta saɓe, na yi hamdala. Sai kuma fuskata ta cika ta yi zagaye. Wasu suka ce ciwon ne ya dawo, wasu suka ce in watsar da ƙwayoyin in koma na gargajiya. Na rasa ta wa zan ɗauka, na kwashi maganin na koma asibiti.

"Likita, ciwon ne ko maganin?"

"Maganin ne, kuma zai wuce," in ji shi. "Da ka daina shi farat ɗaya, da yanzu wata maganar muke yi. Zauna, me kuma ba ka gane ba?"

Na ce komai. Ya yi dariya, ya faro mini daga farko.

Har yau ina zuwa awo, Alhamdulillahi ban kai ga wankin ƙoda ba. Tun daga ranar na koyi cewa idan ban gane ba, ba na gyaɗa kai. Ina zama in tambaya, ko da layin da ke bayana ya kai bakin ƙofa.