Ƙwallon da ta faɗa cikin shanyata

Shekarun baya, a wata kaka mai albarka, aka yi wani abu a bayan gidanmu da har yau idan na tuna sai na yi murmushi ni kaɗai. Shekarar nan damina ta yi kyau a Rano, dawa ta cika rumbu, kuɓewa kuwa ta yi yawan da kowace mace yanka take tana shanya. Makarantu sun yi hutu, yaranmu na kwaleji duk sun dawo gida, gari ya cika da hayaniyarsu.

Gidanmu yana jingine da filin firamare. Tsakanin katangarmu da gidan gola akwai wani fegi mai tsabta, nan nake shimfiɗa tabarmi in baza kuɓewata. Gidan golan kuwa itacen turare ne guda biyu da ɗaya a gicce, babu raga. Ƙwallo in ta wuce sai dai a yi gardama ko ta ciki ta bi ko ta waje.

A hutun ne ɗaliban kwaleji 'yan Rano da na Kibiya suka shirya wasan cin kofi. Babban ɗana, na fari, shi ne golan Rano. Ɗan ƙanwata da ke aure a Kibiya shi ne mai ci wa nasu ƙwallo. Sa'o'in juna ne, kwano ɗaya suka tashi suna ci. Ni kuwa abin da na sani a ƙwallo bai wuce wanke rigunan da ta ɓata ba.

Ranar wasan ƙarshe, bayan la'asar, na fito kwashe shanya kafin jama'a su tattake mini. Na tarar an yi nisa, Rano na da ɗaya, Kibiya ba ko ɗaya. Ina durƙushe ina tattara kuɓewa, na ɗaga kai, sai ga ɗan ƙanwata ya taho a guje ya sheƙa ƙwallo. Ɗana ya yi tsalle bai same ta ba. A kan idona ta bi ta cikin itacen da kamar taƙi ɗaya, ta zo ta faɗa tsakiyar tabarmata, kuɓewa ta watse.

'Yan Kibiya suka ɗauki ihu. Alƙalin wasa, wani malamin firamare mai haƙuri, yana can tsakiyar fili rana na dukan idonsa. Ya busa usur ya ce waje ta bi.

Nan fili ya rikice. Ɗan ƙanwata ya dafe kai yana cewa, "Wallahi ta shiga, Malam! Wallahi tallahi!"

Wani ɗan Rano ya ce, "Ka ji ɗan Kibiya da rantsuwa. Ku a garinku har bayan gida ma gola ne?"

Sai aka ce ai wani ya ɗauka a waya. Wayoyin lokacin ba irin na yanzu ba ne. Aka taru a kan 'yar wayar nan, kai ya haɗu da kai, har alƙalin. Aka kunna, aka mayar baya, aka sake kunnawa. Abin da ya fito shi ne babban yatsan mai wayar, da sama, da muryarsa yana ihu. Kowa ya ga abin da yake son gani a jikin yatsan nan.

Can alƙalin ya hango ni da tabarma a hannu. Ya tako ya rusuna ya gaishe ni.

"Hajiya, ke ce a nan. Don Allah me kika gani?"

Ban saba magana cikin maza ba, ga ɗana tsaye yana kallon ƙasa, ga ɗan ƙanwata yana kallona kamar zai yi kuka. Na ja mayafi na ce a hankali, "Malam, ta ciki ta bi."

Na zaci magana ta ƙare. Sai wani dattijo mai sayar da rake, maƙwabcinmu, ya tuntsire da dariya.

"Haba Malam, wa ka tambaya? Ɗan fari ne fa a gola! Ko sunansa ba ta faɗa. Wancan kuma ɗan ƙanwarta ne. Kara ce take yi. Ko ta saman masallaci ƙwallon nan ta bi, cewa za ta yi ta shiga."

Jama'a suka kwashe da dariya, ana cewa, "Gaskiya ne, Hajiya akwai kunya, Allah ya saka." Wato yabona ake yi, ana kuma ƙaryata ni. Alƙalin ya jinjina kai ya ce hukunci yana nan yadda yake. Ɗan ƙanwata ya cire riga ya yi jifa da ita, aka ɗaga masa jan kati. Kafin ya fita ya tsaya gaban ɗana ya ce, "Kai ka faɗa musu mana. Ka faɗa!" Ɗana ya juya ya koma cikin gidan golansa.

Rano ta ɗauki kofi. Ɗan ƙanwata, wanda kullum in ya zo gari a ɗakin ɗana yake kwana, ko ruwan gidana bai shiga ya sha ba. Ya hau motar Kibiya ana bin sa da "mai rantsuwar ƙarya". Wannan shi ya tsaya mini a rai. Kofi dai na roba ne da aka shafa wa ruwan gwal, amma yaran nan biyu ni na goya su.

Bayan magariba na zuba wa ɗana tuwo da miyar kuɓewar da na tsince daga ƙasa. Na zauna nesa kaɗan, kamar yadda na saba.

"Kai, da kake tsaye a wurin, me ka gani?"

"Umma, ai alƙali ya riga ya busa."

"Na ji usur ɗin, kunnena ƙalau. Kai nake tambaya."

Ya daɗe yana juya loma a miya. Sannan ya ce, "Ta shiga. Har iskarta na ji." Ya ƙara da cewa da ya faɗa a fili, abokansa ba za su bar shi ya zauna a Rano ba. Na ce masa na sani, ya ci tuwonsa.

Yanzu idan ana kallon ƙwallon Turai a falo, nakan ga alƙali ya ruga gefen fili ya leƙa talabijin, a ja layi, a mayar da hoto baya, amma ana gamawa gardama ta tashi sabuwa. Sai in ce a raina, mu ma mun yi namu, da yatsa da tabarmar kuɓewa. Ban taɓa riƙe malamin nan a zuciya ba, rana ce ta dake shi, kuma ya yi abin da ba kowa zai yi ba, ya zo ya tambaya. Abin da na koya shi ne, wani lokaci za ka faɗi gaskiya a ƙi karɓa saboda kyakkyawan zaton da ake yi maka. Ina kewar shekarun nan, lokacin da duk yaran suke gabana kuma babbar damuwarsu ita ce ta wane gefen itace ƙwallo ta bi.

Washegarin wasan da sassafe na ƙulla kuɓewa a leda, na ce wa ɗana ya tayar da babur ya kai ni Kibiya. Bai tambayi dalili ba. Muka tarar da ƙanwata tana shara, ta amsa sallamata a daƙile. Ɗanta yana zaune a bakin ɗaki, ya ce, "Sannu da zuwa, Inna," bai kalli ɗan'uwansa ba.

Ɗana ya tsaya a tsakar gida yana murza makullin babur. Ya ce, "Ta shiga."

Ɗan ƙanwata ya kafa hannu a kunne. "Me ka ce? Ɗaga murya, alƙali yana nesa."

"Na ce ta shiga, ɗan rainin hankali!"

Ƙanwata ta yar da tsintsiya tana dariya, ta ce a kawo mana koko.

A hanyar dawowa na sa ya tsaya a kasuwa, na sayi igiya ƙulli shida. A ajin yaƙi da jahilci, bayan karatu da rubutu, an koya mana saƙa. Ɗana ya ce, "Umma, me za ki yi da igiya haka?"

Na ce, "Raga zan saƙa muku. Ba za a sake kira na shaida ba."