Mutum Ɗaya da Ya Hana Mujalla Fita

Akwai ranar da har gobe in na tuna ta sai na shafa gefen cikina: ranar da Farfesa ya tura ni yankin Bunkure neman mutum ɗaya, ya ce in ba a gan shi ba mujalla ba za ta fita ba.

Ku yaran da kuka zo daga baya kun tarar da ni ina fafa a gareji, kuna zaton wani abu ne ni. Direba ne kawai. A aji uku na tsaya a firamare, shi ma malamin ne ya gaji kafin ni. A shekarun da aka fara dashen ƙoda a Kano, lokacin da wayar salula ta fara shiga hannun talaka, ni ke tuƙa motar ofishin mujallar likitocin dashen sassan jiki. In kai takardu maɗaba'a, in kwaso mujalla in an buga, in raba wa asibitoci. Turanci ne zalla, ko layi ba na karantawa. Hotuna nake kallo, kuma da ban kalla ba da ya fi min: ciki a buɗe, ƙoda a kwano kamar za a miƙa wa mai tsire.

Hotunan nan sun cuce ni, don a lokacin ƙanwata Ladidi, uwa ɗaya uba ɗaya, tana zuwa wankin ƙoda a asibitin da ofishinmu yake. Likita ya ce dashe ne mafita, a gwada jinin ɗan'uwa na kusa. Ɗan'uwan kuwa ni ne. Ladidi ba ta taɓa buɗe baki ta roƙe ni ba. Ni kuma duk ranar gwaji sai mura ta kama ni, ko taya ta yi faci. Har masu shara sun san labarin.

A ƙa'idar mujallar, a fitowar ƙarshen shekara babban edita, wato Farfesa, yakan rubuta sharhi: abin da aka cimma bana da abin da ake shirin yi baɗi. A sharhin wannan shekarar akwai jimlar da kowa ke taƙama da ita, cewa duk waɗanda suka ba da ƙoda a asibitinmu suna nan lafiya. Sai Sista Binta, nas ɗin da ke bibiyar su, ta ce akwai guda. Isyaku, manomin rani, ya ba wansa ƙoda, ya zo dubawa a farko, daga nan aka daina ganinsa. Mataimakin edita ya ce masu maɗaba'a suna jira, a buga haka, ai mutum ɗaya ne. Farfesa ya ce ba zai rubuta “duk” ba alhali akwai wanda bai gani ba. Sai ya leƙo ta taga.

“Tanko, kai ɗan Kura ne ko?”

“Ranka ya daɗe, haihuwa dai.”

“Gobe ka ɗauki Sista. Ku nemo min shi.”

Da safe muka kama hanya. Gabana na faɗuwa tun daga fitar gari. Lissafina ɗaya ne: mutumin da aka cire wa ƙoda ya ɓace, ina kuwa zai tafi in ba maƙabarta ba? In haka ne, to Ladidi ba ta da rabo a wajena, ni kuma ban san da wane ido zan ƙara kallon ta ba. Muka wuce Kura, kwandunan tumatir jere a bakin titi, muka sauka kan hanyar da ke bin gefen babban kanal, wato magudanar ruwan noman rani. Sista ta dube ni.

“Baba Tanko, gumin me kake yi da sanyin nan?”

“Injin ne ke zafi, Sista.”

“Injin mota ko na ƙirjinka?”

Da muka shiga ƙauyen, aka nuna mana gidan su Isyaku. Ina karya kwana sai ga tabarmi shimfiɗe a ƙofar gida, dattawa zaune, fuska ba walwala. Na taka birki, na ce Sista ta sauka, ni zan tsare mota. Motar da ko kyauta ba mai ɗauka. Ta je ta durƙusa ta gaishe su, ina hangen bakinta ko zan ga ta yi salati. Ta dawo tana dariya. Ashe zaman sasanci ne kan rabon ruwa, wani ya toshe wa na ƙasa da shi magudana. Cikin mazaunan har da wan Isyaku, Malam Hadi, wanda aka yi wa dashen, ya yi kumatu. Shi ya shiga mota ya kai mu gona.

A cikin ƙaramin kanal muka sami Isyaku, laka har gwiwa, ba riga, yana tumɓuke ciyawar da ta toshe hanyar ruwa yana wurgowa waje. Ni da ke da ƙoda biyu, dami ɗaya na ciyawar nan da na ɗaga sai an yi min fifita. Ga tabo a gefen cikinsa, dogo. Na ƙura masa ido har na manta da sallama.

“Malam Isyaku, ka guje mu,” in ji Sista.

“Wallahi ban guje ku ba, Sista. Kun sa ranar dubawa Talata. Mu kuma Talata ake buɗe mana ƙofar ruwa. In na tafi Kano, kafin in dawo an rufe, tumatir ya yi mako da ƙishi. Wa zai yi ban ruwan? Yayana kun hana shi shiga laka.”

“To da damina fa?”

Ya sosa ƙeya. “Da damina kuma kunya. Na daɗe ban zo ba, na ce za ku yi min faɗa.”

Raina ya fara dawowa. Sista ta zaunar da shi kan kunyar gona, ta bari ya huta, ta ɗaura masa abin awon jini a dantse. Ta duba awon. Ta kwance, ta sake ɗaurawa a ɗaya hannun. Na matso kusa. Ta ce jininsa ya hau, ba abin tashin hankali ba ne yau, amma mai ƙoda ɗaya ba ya wasa da hawan jini, lallai ya zo a duba shi a ɗora shi kan magani. Malam Hadi ya juya baya yana goge ido da hula.

Da za mu tafi na ja Isyaku gefe. “Ɗan'uwa, tsakani da Allah, ka yi da-na-sani?”

Ya nuna wansa da haɓa. “Ka ga wancan? A kujera muke ɗaukarsa da. Yanzu shi ke min faɗan ban iya jera fangalin ban ruwa ba. Shi ke nan abin da ke damuna.”

A hanyar dawowa na riga na yanke cewa za a rufe maganar. Na yi aiki a wurare, na san yadda ake gyara labari kafin ya kai gaban manya. Ga shi an gan shi da rai, yana aiki, me ya rage? Ina tsaye bakin ƙofar ofis da mukulli a hannu Sista ta yi bayani. Farfesa ya ɗauki biro ya soke jimlar nan da kansa. Sista ce ta fassara min abin da ya sa a madadinta, ba tare da sunan kowa ba: cewa ɗaya daga cikin masu bayarwa ya ɓace wa bibiya, an same shi da hawan jini, kuma laifin tsarinmu ne da bai duba ranar aikin manomi ba. A shirin baɗi kuma ya ƙara cewa mujallar za ta buɗe shafi na musamman kan lafiyar masu bayarwa, mai daɗi da marar daɗi.

Mataimaki ya ce, “Farfesa, sauran asibitoci fa za su karanta wannan.”

“Don su karanta muke bugawa,” in ji shi.

Ni na kai takardun maɗaba'a da yammacin nan. Ina tuƙi ina ta juya abin. Da sun buga cewa kowa lafiya, da ban yarda da su ba, don na ga fuskar Sista a bakin kanal. Amma mutanen da za su buga abin da bai yi musu daɗi ba, su raba wa abokan aikinsu, in suka ce min “za ka tashi” bayan tiyata, ba daɗin baki ba ne. Abin da na koya ke nan game da aikin nan da masu yin sa, kuma ban karanta shi a shafi ko ɗaya ba.

Ranar gwaji ta gaba mura ba ta zo ba. Likita ya zayyana min haɗarin ɗaya bayan ɗaya, har da irin na Isyaku, ya ce ko a bakin ɗakin tiyata na fasa ba mai zargina. Na ce ya daina ba ni ƙofa, zan iya bi.

Jinina ya dace da nata, aka yi dashen. Da Ladidi ta samu bakin magana bayan aikin, aka turo ni wajenta a keke. Ta dube ni ta ce, “Yaya, tun ɗazu nake jin faɗuwar gaba ba dalili. Lallai ƙodarka ce suka sa min.”