Sunan da Inna Ba Ta Gajiya da Kira

Bana shekara goma sha shida ke nan da rasuwar uwar mijina, wadda duk Farin Dutse ke ce wa Inna. Sunanta na yanka ba zai fito daga bakina ba, ko da a takarda ne. Tana kabari ma kunyarta nake ji. Na san wasu za su yi mamakin macen da ke kewar surukarta bayan wannan tsawon lokaci. To, su yi ta mamaki. Ni dai na san abin da matar nan ta yi mini, kuma duk damina, in marka ta sauka yara suka fara tari, sai ta faɗo mini a rai.

Daga Birnin Kudu aka kawo ni gidanta. Inna ba malamar asibiti ba ce, ba kuma boka ba ce. Tsohuwa ce mai ƙunshe-ƙunshe a kowane lungu na ɗaki: busasshiyar citta, kanumfari, tafarnuwa, zuma a kwalba, man shanu a ɗan ƙoƙo. In yaro ya fara tari, sai ta dama masa zuma da lemon tsami a ruwan ɗumi. In hanci ya toshe, ta yi masa sirace, ta shafe masa ƙirji, ta kore shi daga bakin murhu tana faɗa, wai hayaƙi abokin tari ne. Tana da baki, Allah ya jiƙanta. In ta tsokane ki da safe, sai la'asar za ki gane inda maganar ta dosa.

Da na haifi ɗana na fari, Inna ta roƙi a sa masa Sa'idu. Aka duba dangi kaf, ba a ga wani Sa'idu da za a ce an yi wa takwara ba, amma wa zai ja da ita? Sauran jikokinta kowa da laƙabinsa, wannan Mai-gida, wancan Ɗan-tsoho. Shi kuwa sunansa take kira gatsal, tun daga asuba har a kwanta. Sa'idu zo, Sa'idu bari, Sa'idu ka ci ƙaniyarka. Matan gida har dariya suke yi, suna cewa Inna za ta ƙarar da sunan nan tun mai shi bai girma ba.

Ni kuwa ban taɓa kiransa ba. 'Yan matan yanzu ba za su gane ba, amma a lokacinmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Ba ki faɗin sunansa, ba ki yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi a tsakar gida sai ki kau da kai wata ta ɗauke shi. "Yaron nan" nake ce masa. Haka na ga uwata ta yi, haka ake yabon mace da kawaici, kuma ba na cewa al'adar banza ce.

Sa'idu yana da shekara ɗaya da rabi, ba a daɗe da yanke mana Jigawa daga Kano ba, aka yi wata marka ta kwana da kwanaki. Mijina yana Kano wajen fatauci. Inna ta tafi Kiyako wankan jegon 'yarta. Yaron ya fara da mura, kamar kowane yaro a gidan. Na ba shi zumar Inna yadda na ga tana yi. Sai zazzaɓi ya shigo. Matan gida, don ƙauna, suka ce sanyi ne ya kama shi, suka naɗe shi da riga kan riga, da hula, da zannuwa, har sai fuskarsa kaɗai ake gani. In na shiga ɗaki zan ba shi nono, ni kaɗai nake ganin abin da ke ƙarƙashin tsumman nan. Numfashinsa sama-sama, da sauri, kamar wanda ya yi gudu. Ya kama nono ya saki, ya kama ya saki, don ba ya iya haɗa tsotso da numfashi. Amma in na fito aka ce yaya mai jiki, sai in sunkuyar da kai in ce da sauƙi.

Ƙanin surukina, Baffa, shi ne babba a gidan tun rasuwar yayansa. Ya leƙo ya ji yadda yaron ke nishi, ya ce awazu ne, wato ciwon haƙarƙari, a kira wanzami a yi masa sakiya. Wanda bai san sakiya ba, ƙarfe ake sa wa a wuta ya yi ja, a ɗosa wa yaro a haƙarƙari, wai ciwon ya fita. Baffa ba mugu ba ne. Shi ma da tabonta a jikinsa, kuma ya yi imani ita ta tashe shi.

Wanzami na zaure yana hura gawayi da hantsi, sai ga Inna da ƙunshinta a ka. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce, "Ina Sa'idu?" Aka ce ba ya jin daɗi. Ta juyo kaina ta ce yaya jikin nasa, na ce da sauƙi.

"Ba gaisuwa nake yi da ke ba, 'yar nan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Me kika gani?"

Ta karɓi yaron, ta zauna a bakin ƙofa inda haske yake, ta kwance zannuwan nan ɗaya bayan ɗaya tana jifa da su, ta ɗaga masa riga. Ta ce in matso in duba, kada in kau da kai. Duk numfashin da ya ja, ƙasan haƙarƙarinsa sai ya lotsa ciki. Ƙofofin hancinsa suna buɗewa suna rufewa. Inna ta ce tari da majina nata ne, tana da maganinsu, amma in ƙirji ya fara faɗawa haka, yaro ya ƙi nono, ciwon ya sauka huhu, ya wuce zuma, ya wuce wuta, sai allura.

Baffa ya ce ai haka aka saba tun kaka da kakanni. Inna ta ce, "Malam, ka ba wanzami goronsa ya tafi. Wanda zai ɗosa wa Sa'idu ƙarfe, sai ya fara ɗosa mini." Ban taɓa jin ta ɗaga wa namiji murya ba sai ran nan. Sannan ta ɗora mini yaron a baya, ni da ban taɓa goya shi na fita ƙofar gida ba, ta ce, "Kunyar mara kunya asara ce. Ciwo ba ya jin kunyar kowa. Wuce mu tafi." Haka muka ratsa gari ana kallonmu. Allah ya taimake mu ranar kasuwar Gwaram ce, muka sami motar a-kori-kura, daga can muka hau bas zuwa Birnin Kudu, ina jin zafin jikinsa yana ratsa bayana.

A asibiti malamin da ya karɓe mu shi ma rigar ya fara ɗagawa. Ya ce limoniya ce, ciwon huhu, kuma gara da ba mu ƙara kwana ba. Ya ɗauki biro ya ce yaya sunan yaro. Na jira Inna ta amsa. Matar da ke kiran sunan nan kamar wazifa, sai ta yi gum, ta zungure ni da gwiwar hannu. Na ce, "Sa'idu." Wallahi har yau ina jin yadda sunan ya yi mini nauyi a harshe, da kuma daɗin da ya yi mini.

Yau in na dubi yadda duniya ta koma, nakan ce ina ma Inna na nan. Da ta ga kwalta da babura, da ɗakin shan magani a kusa, da allurar rigakafin da ake yi wa jarirai, da ta yi hamdala. Da ta ji malaman asibiti na cewa kada a ba jaririn da bai shekara ba zuma, da ta yi musu gardama ta kwana biyu sannan ta bi, don ba ta da girman kai a kan lafiyar yaro. Amma da ta ji saƙonnin da ake turo mana a waya, wai tafarnuwa da man kaza suna warkar da limoniya ba sai an je asibiti ba, kai, da mai saƙon ya sha zagi. Ita da tafarnuwar ke ɗakinta ta san iyakarta. Kuma da ta ga iyayen yanzu, masu kiran ɗan fari da suna har da ɗora hotonsa a waya, amma in ya yi zazzaɓi su naɗe shi su aika kemis a haɗo musu magani ba wanda ya dubi ƙirjinsa, da ta ce an yar da kunyar an riƙe sakacin.

Ranar da Sa'idu ya kama nono ya sha har ya yi barci, muna zaune da Inna a gindin wata darbejiya a harabar asibitin, da la'asar. Ba tare da ta dube ni ba ta ce, kafin ta zo Farin Dutse ta yi wani aure a Kiyako, ta haifi ɗanta na fari, namiji. Shi ma da damina ya kwanta. Ta ga ƙirjinsa yana faɗawa, ita kaɗai ta gani, ana tambayarta tana cewa da sauƙi. Aka yi masa sakiya tana bayan ɗaki ta toshe kunnuwa. Bai kai Juma'a ba. Da aka fita da shi ma ba ta yi kuka a gaban mutane ba, aka yi ta yabonta da kawaici.

Na ce, "Inna, yaya sunansa?"

Ta ce, "Ke ma kin sani. Ban kira shi ko sau ɗaya ba yana raye. Shi ne nake ramawa."

Ƙunshe-ƙunshenta sun ƙare tuntuni, ɗakinta ma an rushe an yi na siminti. Abin da ya rage mini nata hannu ne da baki: hannun ɗaga riga, da bakin faɗin abin da ido ya gani. Matan unguwarmu sun san ni, in aka kawo mini yaro mai tari ba na karɓar "da sauƙi". Sa'idu kuwa yanzu magidanci ne, da furfura ɗaya-ɗaya a gemu. Ƙawayena suna yi mini tsiya wai ni ce marar kunyar da ke kiran ɗan fari gatsal a gaban surukai. Su yi ta yi. Duk ranar da ya shigo gaishe ni, sai na kira sunan sau biyu. Yakan ce, "Umma, ai na amsa." Ni kuwa na san kiran farkon ne nasa, na biyun na ɗan Inna ne. Allah ya jiƙan Inna, ya sada ta da mai na biyun.