Waken da Dakta Umara Ya Kusa Kashewa da Ƙauna

Umara taubashina ne, ɗan kawuna, don haka duk abin da zan faɗa a kansa halal ne gare ni. Shekara ashirin da biyu ya yi yana binciken wake. 'Ya'yan wasu sun zama likitoci, namu ya je har Turai ya dawo da digirin abin da nake dafawa tun bai yi haƙori ba.

Aikinsa shiga tsibiran Tafkin Chadi. Duk shekara sai ya hau mota zuwa Baga, ya faɗa kwalekwale, ya yi wata biyu yana bin tsofaffin mata da littafi: yaya sunan wannan, yaushe ake shuka shi, wace cuta ganyensa yake yi wa magani. Ya dawo sauro ya sha rabinsa, jaka cike da kwalaben iri. Masara, guna, kuɓewa, wake kala-kala. Ya jera su a firijin gidansa na unguwar Jiddari Polo, matarsa ta rasa inda za ta ajiye ko tumatir.

Sai yaran nan masu bindiga suka mamaye tafkin, mutanen tsibirai suka watse. Abin da ke cikin firijin ya zama shi ne ragowar gonakinsu. Daga baya aka kayar da turakun lantarki, gari ya yi watanni babu wuta, iri ya yi fumfuna. Kwalba ɗaya ce ta tsira, ta wani jan wake ɗan mitsitsi, daga tsibirin da yanzu ko akuya babu.

Ya shuka rabi a bayan gida. Safe ruwa, yamma ruwa. Wake ya yi ganye kamar kabewa, ya kwanta, ya ruɓe. Saura abin da bai cika tafin hannu ba.

Ni na kai masa Ya Aisa, wadda nake sayen bandar kifi a wurinta. 'Yar tsibirin ce, gudun hijira ya jefo ta ƙauyen Dusuman, nan bayan gari. Ta dubi lambun, ta dubi Dakta.

"Wa ya ba shi ruwa?"

"Ni ne, Ya Aisa."

"Roƙonka ya yi? Wannan sai tafki ya ja baya ake tona laka a sa shi, a tafi a bar shi. Saiwarsa ce ke bin ruwa ƙasa. Ka kai masa har baki, me zai nema?"

Umara ya shiga ɗaki ya fito da littafin da ya wallafa. Ya ce, "Na sani. Ga shi nan na rubuta. Matan garinku ne ma suka gaya mini."

Na ce, "Ikon Allah! Dakta, ka rubuta amma ba ka karanta ba?"

Ya ce, "Ya Mu'mina, ina kallon ƙasar tana tsagewa, shi kaɗai ya rage. Hannuna ne ya ƙi haƙura."

A nan kam ban yi dariya ba, sai da na koma gida.

Ya ce zai ba Ya Aisa rabi. Ta ce ko duka, ko ya ci gaba da yi masa wanka. Kwana uku yana juya kwalbar, sannan ya miƙa.

Ta shuka a Dusuman, inda ruwan kogin Ngadda ke janyewa bayan damina. Sojoji sun hana dawa da masara saboda tsayinsu, shi kuwa wake ba ya ɓoye ko kaza. Sharaɗinta ɗaya: kada Dakta ya taka gonar. Duk Asabar sai ya wuce shingen soja ya tsaya a bakin kunya kamar baƙon da ba a yi wa iso ba. Ran nan ta laluba aljihunsa ta ciro ledar ruwa biyu. Ta tsare shi sai da ya shanye.

Wake ya yi mudu uku. Ta rarraba wa matan tsibirinsu, ta dafa sauran. Da Umara ya nemi kasonsa, ta tura masa kwano da man gyaɗa da yaji, ta ce na shuka yana hannun masu shuka. Ya ci yana share ido, wai yaji ne.

Bana gona tara ce a Dusuman take ɗauke da jan waken. Takardar da Dakta ya rubuta a kansa kuwa, ya ce mini mutum shida sun karanta a Jamus.