Ganyen Magaryar Iya Tumba

Ranar wata Laraba ce a tsakiyar damina, shekarar da nake aji biyar, gero ya fara fitar da kai. Na zagaya bayan gidanmu da safe in zubar da toka, sai na ga Iya Tumba tsaye a gindin magaryar da ke jingine da dangarmu, tana tsinkar ganye tana zubawa a bakin zanenta. Ba ta ji tahowata ba. Ta yi ta tsinka, can sai ta ɗaga kai ta leƙa ta saman danga, daidai ɗakin da Innarmu take kwance kwana na shida da zazzaɓi. Kaskon tokar ya suɓuce daga hannuna. Na ce "kurwata kur" a ƙasan maƙoshi, na kwasa da gudu na shige gida ko waiwaye babu.

Ƙauyenmu yana tsakanin Zurmi da Kaura Namoda, kuma Iya Tumba ba 'yar garin ba ce. Aure ne ya kawo ta daga wajen Shinkafi, mijin ya rasu, ba ɗa ba jika, ta kuma ƙi komawa gida. Ita ce take yi wa mata wankan gawa. Kowa ya san haka, amma sanin bai hana a zarge ta ba. A bakin rijiya mata sukan rage murya su ce, ta yaya kullum kayanta suke a haɗe tun kafin a aika mata? Me ya sa ba ta karɓar ko ƙwaryar hatsi? "Mutum ba ya irin wannan aiki a banza, akwai abin da take ci a ciki," in ji su. Mu yara sai muka ɗauki maganar muka ƙara mata gishiri. Idan muna carafke a gindin dalbejiyar makaranta lokacin tara, aka hango ta tafe da ƙwaryarta rufe da faifai, duwatsun nan za mu watsar mu ruga aji. Ni ce kuma gaba wajen ba da labarinta, don Allah ya yi ni da baki. Malaminmu na Hausa har suna ya sa mini, Gidan Rediyo, ni kuwa daɗi nake ji.

Makon nan ban leƙa makaranta ba. Ni ce surfe, ni ce ɗebo ruwa, ni ce yankan ciyawar awaki, in dama fura in kai wa Baba gona, in dawo in hura wutar tuwo da ɗanyen kara, hayaƙi yana cika mini ido. An sayo magani a kemis a garin Kasuwar Daji, bai yi komai ba. Gulbi ya cika, mota ba ta shigowa, Inna kuma ba ta iya zaman babur balle a kai ta asibitin Kaura. Goggo Asabe, ƙanwar Baba, ita ta zo jinya, kuma tun zuwanta take turara tazargade a ƙofar ɗaki, don ta ce wannan ciwo ba na asibiti ba ne. Ita na fara gaya wa abin da na gani a gindin magarya. Ta dafe ƙirji ta ce, da ganyen magarya ake wankan gawa, wa ya mutu da za a tsinke shi a bayan ɗakin mai rai?

Da la'asar zazzaɓin ya hau sosai, sai Inna ta fara kira. "Tumba. A kira mini Tumba." A wajenmu, idan marar lafiya ya ambaci sunan wani cikin zafin ciwo, to an gama magana, wannan shi ya kama masa kurwa. Goggo ta juyo ta dube ni, ta ce in sake faɗin abin da na gani a gaban Baffa Isa, ƙanen Baba. Na faɗa. Da na ga duk sun zuba mini ido, sai na ƙara da cewa na ga tana lasar baki sanda take leƙen. Wallahi ban ga haka ba. Bakina ne kawai ya saba, in labari ya fara daɗi ba ya tsayawa.

Baffa Isa ne ya je ya taho da ita, mutane biye da su har tsakar gidanmu. Abin da ake yi wa wanda ake zargi da maita shi aka ce ta yi: ta tsallake marar lafiya sau uku, ta sakar mata kurwa. Baba yana zaune a kan turmi ya sunkuyar da kai, bai ce a yi ba, bai ce a bari ba. Iya Tumba tambaya ɗaya ta yi: "Wa ya gan ni?" Aka nuna ni. Ta dube ni, ta gyara ɗaurin zanenta, ta yi bisimilla ta shiga ɗakin. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, a tsallake na uku saura kaɗan ta faɗi. A nan Inna ta miƙo hannu ta riƙe mata bakin zane gam. Goggo ta ɓamɓare yatsun tana cewa, "Kun gani ko, ta gane ta." Iya Tumba ta fita, yara suna jifanta da hoge har ƙofar gidanta. Ni kuwa ranar ji nake na ceci uwata.

Inna ta cika ranar Juma'a da hantsi. Maza suka tafi haƙa kabari, aka ɗinka likkafani, mata suka cika gidan suna salati, amma babu wadda ta tashi ta shiga ɗakin. Shekara da shekaru sun bar wa mutum ɗaya aikin, babu wadda ta koya. Goggo ta ce ita ba za ta iya ba. Hadari ya fara haɗowa ta gabas, liman ya aiko sau biyu yana tambaya ko an shirya ta, Inna kuwa tana nan kwance yadda ta cika. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba, tsoron a rasa mai wanke uwata saboda bakina. Daga ƙarshe Baba ya miƙe da kansa. Waɗanda suka bi shi sun ce tun daga nesa ya cire takalmansa, ya durƙusa a ƙofar ɗakin Iya Tumba.

Ta zo, da ƙwaryarta rufe da faifai. Ba ta dubi kowa ba, ta ce a ɗora ruwa ya yi ɗumi, sannan ta ce, "A ba ni ɗiyar, ita za ta zuba mini." Goggo ta fara cewa yarinya ce, Baba ya ce in tashi. Na shiga, amma har lokacin ban daina zarginta ba. Ce nake ramuwa za ta yi, ta gama da uwar ta haɗa da 'yar. Idona yana kan ƙwaryar nan da muka shekara muna ƙirƙira abin da ke cikinta. Da ta buɗe, garin busasshen ganyen magarya ne a ƙulle, da kafur, da sabulu, da tsofaffin ƙyallaye wankakku.

Ta lulluɓe Inna da zane, ta naɗe hannunta da ƙyalle, ta fara da ɓangaren dama. Duk abin da za ta yi sai ta faɗa mata a hankali, kamar mai gudun tashin wanda ya yi barci: "Hauwa, zan juya ki. Hauwa, sannu." Ta tsefe mata kai da yatsunta ba tare da ta ja gashi ko ɗaya ba. Ina zuba ruwa da moɗa, sai zanen ya ɗan zame, na ga wani abu a jikin Inna wanda ta ɓoye wa kowa a gidanmu, har ni da nake kwana a bayanta. Iya Tumba ta yi maza ta mayar da zanen. "Tun bara ta nuna mini," in ji ta. "Ta ce in ranar ta zo, kada wani hannu ya taɓa ta sai nawa. Shi ne take kirana, ta tuna mini." Ganyen kuwa, ta ce duk damina take tsinka ta shanya, na bayan gidanmu ne ya fi yawa, kuma ta leƙa ne ta ji ko an samu sauƙi, tunda ta san ba a son ta shigo.

Kuka ya ƙwace mini, na ce mata ƙarya na yi, ban ga tana lasar baki ba. Na so ta zage ni, ko ta mare ni, da na fi samun sauƙi. Sai ta ce, "Zuba ruwa, yana hucewa." Da muka gama ta ɗaure likkafanin, ta kama hannuna ta ce, "Abin da idonki ya gani a ɗakin ga, nan ya tsaya." Muna fitowa Goggo ta ja ni gefe, tana so ta ji me tsohuwar ta yi a ciki, me ta ce, me na gani. Na buɗe baki kamar yadda na saba, sai na rufe. Karo na farko ke nan a rayuwata da na san wani abu na ƙi faɗa, kuma har yau ban faɗa ba.

Bayan sadakar arba'in na fara zuwa gidanta, in share mata tsakar gida, in daka mata ganye, daga baya na fara riƙe mata ƙwarya. Aka ce ta ba ni maita a fura. Ƙawayena suka daina carafke da ni, abin ya yi mini ciwo ba kaɗan ba, amma ban fasa ba. Sallar da nake yi don tsoron bulalar Baba, a wajenta na fara yin ta don na ga inda kowa zai ƙare. Ba ta taɓa yi mini wa'azi ba, kuma ba ta taɓa tayar da maganar ranar Larabar nan ba. Shekara biyu bayan aurena ta rasu, ni na wanke ta, na gaya mata duk abin da zan yi kafin in yi.

Yanzu a Kaura Namoda nake zaune, rashin tsaro ya raba mu da ƙauye, ban ma san ko magaryar nan tana tsaye ba. Garin ya cika da matan da suka gudo daga wajen Galadi da Jangeru da ƙauyukanmu, wasu ba su da kowa a nan, idan ta Allah ta kasance ni ake aiko wa. Zargi kuwa ya fi na da, yau maƙwabci ba ya yarda da maƙwabci, baƙo ya yi tambaya sai a ce wani ne ya turo shi. Nakan yi kewar gidanmu da hayaƙin ɗanyen kara, nakan yi kewar tsohuwar nan da na sa aka jefa. Makon jiya na fito da ƙwaryata, wata yarinya mai kamar shekaruna na wancan lokaci ta hango ni, ta watsar da duwatsun carafkenta, na ji ta ce "kurwata kur". Ban ji haushi ba. Na dai tambayi sunanta, don ni ma gwiwata ta fara ciwo, kuma har yanzu ban samu mai zuba mini ruwa ba.